Na Je Ɗauko Yaya Mu'azu, Na Tarar Ana Takara

Tun da na dawo daga Sudan bakina bai huta ba. Mai zuwa ɗibar wuta sai ta zauna, mai zuwa aron turmi sai ta zauna, kowacce da tambayarta. Wai gaskiya ne a can mata na jefa ƙuri'a? Wai gaskiya ne na tsaya gaban maza na yi jawabi? Shekaranjiya a gidan suna na ji maƙwabciyata tana ba da labarina, har ta kai wurin da aka roƙe ni in zama 'yar majalisa na ƙi. Shi ya sa na ce gara in ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci in faɗi abin yadda ya faru, kafin a ba ni mulkin Hartum ina zaune a Ƙaura.

Sunana Asabe. Mijina Malam Sani tela ne a kasuwar Ƙauran Namoda. Dalilin tafiyar kuwa Innarmu ce. Ina da wa, Mu'azu, wanda ya bi baffanmu gabas tun ina 'yar shekara biyar. Baffa ya rasu a hanya, shi kuma ya tsaya a Sudan yana noma, ya yi aure, ya haihu. Shekara talatin da 'yan kai ba mu sa shi a ido ba, sai wasiƙa jefi-jefi ta hannun alhazai. Bara idon Inna ya tafi. Ta rage cin abinci, duk wanda ya yi sallama sai ta ce ko Mu'azu ne. Ran nan ta kama hannuna ta ce, "Asabe, ki tai ki taho min da shi. Ba takarda nika so ba, shi nika so." Na dubi Malam, Malam ya dube ni. Washegari ya lulluɓe keken ɗinkinsa da buhu.

Jirgin ƙasa ya kai mu Kano, babbar mota ta kai mu Maiduguri, daga nan sai iyaka a Gambaru. Tsarabar da na ɗaura wa Yaya ita ce goro da kuka da wani ƙullin daddawa mai girman tulun yara. Da muka tsallaka, wani ma'aikaci mai gajeren wando ya ce a kwance kaya. Yana buɗe ƙullin ya yi tsalle baya, ya toshe hanci, ya yi ta zuba Faransanci. Tafinta ya ce da ni, "Yana tambaya mene ne ya mutu a ciki, kuma yaushe." Na ce ba abin da ya mutu, kayan miya ne. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku, suka kewaye daddawata suna kallo daga nesa. Allah ya kawo wata mai dafa musu abinci, ta sunsuna, ta ce da su abin da suka ci jiya ke nan har suka nemi ƙari. Na ba ta guda biyu muka wuce.

A birnin Lami mun sauka zangon Hausawa kwana huɗu muna jiran mota. Da ta samu, a kan buhunan sukari muka zauna har Abeshe, kwana tara. Duk inda muka iske busasshen rafi sai motar ta nutse cikin yashi, a sauko a shimfiɗa mata faifan ƙarfe, a tura. Ba a ware mata, har mai goyo turawa take. A rana ta uku iska ta ɗauke hular Malam. Ya roƙi direba ya tsaya, direba ya ce ko mutum ne ya faɗi sai ya yi shawara. Rana kuwa ba ta da wasa, Malam ga sanƙo. Haka ya shiga Abeshe da ɗankwalina mai furanni a kai, yana ta gaisawa da mutane fuska a ɗaure.

A Jinaina, garin farko na Sudan, aka yi mana lamba a dantse, aka tsare mu cikin wani shinge kwana uku. A nan na fara haɗuwa da kisra. An kawo mana tire da kwanon miya, da wani abu fari-fari a ninke a gefe, siriri kamar takarda. Na ɗauka abin goge hannu ne. Na zauna ina jiran tuwo, har matar da ta kawo ta dawo ɗaukar kwano ta tarar ban taɓa ba. Da ta gane, sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Ashe shi ne tuwon. Yana da ɗan tsami, ba laifi, amma mutum zai ci goma ya tashi kamar ya yi mafarkin cin abinci. Shayi kuwa ba a magana. Mu baƙo ruwa ake ba shi ko fura, su shayi ne da safe, shayi da hantsi, shayi in an yi faɗa, shayi in an shirya.

Daga Nyala muka hau jirgin ƙasa, wanda mutanen da ke kan rufinsa sun kusa yawan na ciki. Ina yi wa Malam faɗa ya zauna min a kan goro, sai wata tsohuwa da ke fuskantarmu ta ce, "Lale da Hausawa! Daga ina?" Sunanta Hajja Kulu, mutuniyar Suki ce, sana'arta gyaɗa soyayya. A can aka haife ta, amma Hausarta irin ta kakanninmu ce, sai dai kowace magana da Larabci a gindinta. Na ce mata za mu Hillar Malam Bawa, kusa da Mai Wurno. Hilla dai ƙauye ke nan.

Ta gyara zama ta ce, "To ke ta wa ce? Ta Alhaji ko ta Ustaz?"

Na ce, "Ni ta Malam Sani ce, ga shi nan zaune."

Sai da ta share hawaye kafin ta iya yi min bayani. Zaɓe na tafe. Mutum biyu, duka Hausawa, duka jam'iyya ɗaya, kowa na son a tsayar da shi a yankin. Ɗaya Alhaji Tukur, mai injin niƙa da babbar mota. Ɗaya Ustaz Bashir, malamin makarantar boko. Manyan jam'iyya sun ce mutum ɗaya za su tsayar, don kada ƙuri'a ta rabu wasu su kwashe. Za su aiko wakili ya zaga ƙauyuka ya ga wanda jama'a suka fi so.

Na ce, "To ke ina ruwanki, Hajja? Ba maganar maza ba ce?"

Ta ce, "Maza? Ya zamanin da! Yanzu ƙuri'ata da ta limami nauyinsu guda. Ni Alhaji nika yi. Shi ya riga ya ƙoshi. Ustaz kau, dube shi kamar kara. In yat tai Hartum sai ya shekara biyu yana cika ciki kafin ya tuna da mu."

Wani manomin auduga daga Hasahisa, wanda ko yankinsu ba ɗaya ba, ya leƙo daga bayan kujera ya ce ai mai ƙiba shi ya san hanyar abinci. Suka kama. Tun daga Kosti har Sinnar tsohuwar nan tana nuna shi da yatsa, yana ramawa, suna cin gyaɗa a kwano ɗaya. Na saki baki ina kallo. Mu nan soja sun rufe siyasa, kuma ko lokacin da ake yi, iyakarmu mu leƙa ta katanga mu ga motar lasifika ta wuce.

Daga Sinnar wata ƙaramar mota ta sauke mu a Mai Wurno, muka ƙarasa a kan jakuna. Ƙauyen yana bakin kogi, bukkoki da darni kamar a gida. Tun kafin a nuna min gidan na hango wani mutum tafe daga gona da fartanya a kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar hagu yadda babanmu ke yi. Na diro daga jaki ban san na diro ba. Na ce, "Yaya Mu'azu." Ya tsaya yana dubana. Na ce, "Asabe ce." Fartanyar ta faɗi. Ya durƙusa a tsakiyar hanya ya rufe fuska da hannun riga, tambayarsa ta farko ita ce, "Tana da rai?" Na ce tana da rai, ita ta aiko ni. Mun daɗe a nan kafin wani ya iya tashi.

Matarsa Amna ta karɓe mu hannu bibbiyu. Doguwa ce, mai fara'a, tana yafa dogon mayafin nan nasu da suke kira tob. Aka yanka mana kaza, aka ba mu ɗaki da gadon igiya. Amma tun shayin farko na lura da wani abu. Ta zuba mana sukari cokali uku-uku, ta miƙa wa Yaya nasa babu ko ƙwaya.

Ya ce, "Amna, sukkar."

Ta ce, "Ka tai wurin Alhajinka ya ba ka."

Ashe gidan a rabe yake. Yaya na Alhaji ne, shi ke bin gida-gida yana nema masa jama'a. Amna ta Ustaz ce, ita ke tara masa mata. 'Ya'yansu huɗu sun rabu biyu-biyu. In da a Ƙaura ne da tuni an kira waliyyai, su kuwa sun ɗauki abin kamar wasan dara.

Da na kawo maganar tafiya, Yaya ya ce saura kwana goma wakili ya zo, in bari a gama. Bayan kwana biyu na sake tayarwa, ya ce akwai taro. Na uku ya ce jakinsa ba lafiya. Raina ya ɓaci. Na ce da Amna muna wanki a bakin kogi, "Wato na ratso ƙasa uku, uwarsa ba ta gani, shi kuwa mai injin niƙa ya fi masa?"

Ta ajiye sabulu ta ce, "Ba haka ba ne, Asabe. Kunya shika ji ya gaya miki. Ba shi da jinsiya."

Jinsiya ita ce takardar zama ɗan ƙasa. Amna tana da ita, don a nan aka haifi kakanta. Yaya ba shi da ita, ba shi da wata takarda ma ko ɗaya. Gonar da yake nomawa ta wani ce. In ya fita daga ƙasar, ba tabbas a bar shi ya komo, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Shekara huɗu ke nan Alhaji yana ce masa zai nema masa, kullum bukra, wato gobe. Yanzu ya ce masa in ya shiga majalisa, rana ɗaya ta isa.

Na ce, "Ke nan shi da yake wannan wahala ko ƙuri'ar ba shi da ita?"

Ta ce, "Ko rabi."

Daga ranar na daina ganin takarar nan abin dariya kawai. Na ce wa Amna duk inda za ta, da ni. Muka yi kwana biyar muna yawo, na ji ra'ayi iri-iri.

Matan da ke layi a injin Alhaji duk nasa ne, don tun da aka fara takara kyauta yake niƙa. Wata ta ce min addu'arta kullum kada a sasanta, a yi ta yi har kaka. Amma muna barin wurin biyu suka biyo mu da garinsu a ka, suka raɗa wa Amna cewa su dai Ustaz za su ɗaga wa hannu, kada ta faɗa. Mai fito da ya ƙetare da mu zuwa kasuwar Suki ya ce shi ya gama hukunci tuntuni, don duka biyun sun shiga jirginsa. Alhaji ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu yana salati tun daga wannan gaɓa har waccan, Ustaz kuwa jarida ya buɗe. "Amma da munka isa, Alhaji ya ba ni goro, Ustaz ya ba ni nasiha a kan tsabtar ruwa. To kun ji inda nika ruɗe." Masu gonakin ban-ruwa a Suki ba ruwansu da duk wannan, su dai wa zai sa a riƙa sako musu ruwa a kan lokaci. Wani mahauci ya ce ba zai bi Ustaz mai tabarau ba, don wanda bai ga gabansa ba sai da gilashi yaya zai ga Suki daga Hartum.

Wanda ya fi ba ni dariya wani tsoho ne mai saƙar igiya a Mai Wurno. Ya ce duk duniya ba wanda yake ƙauna kamar Ustaz, shi ya koya wa jikokinsa karatu, shi ke karanta masa wasiƙa. Amna ta ji daɗi ta ce to ran Juma'a, ranar zuwan wakili, sai ya fito da wuri. Ya ce, "Zan fito, in ɗaga wa Alhaji." Ta ce saboda me? Ya ce, "Wanda duk yac ci, Hartum za shi, ba mu ƙara ganinai sai a hoto. Ku aika da wanda kuka iya rashi."

Ustaz kansa na gan shi yana jawabi a gindin wata bishiya. Siriri ne, mai natsuwa, sai dai Hausarsa ta sha Larabci har ta gaji. Yana so ya ce yana fatan mata ma su fito su goya masa baya, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya jama'a, ni ina son matanku! Dukansu! Ku turo min su ran Juma'a!" Maza suka dubi juna. Can wani daga baya ya ce, "Ustaz, har da tsofaffin?" Ya ce, "Musamman tsofaffin!" Sai da aka ɗage taron.

Shi kuwa Malam Sani ya samu abin yi. Labari ya bazu cewa wani malami ya zo daga ƙasar Sakkwato, ba wanda ya tsaya tambayar malamin mene ne. Mutanen Alhaji suka ɗauke shi da hantsi ya yi addu'ar nasara, aka ba shi ƙafar rago. Da la'asar mutanen Ustaz suka zo, ya bi su, ya yi irin addu'ar, aka ba shi shayi da biskit. Ashe mai riƙe da buta a taron farko shi ne mai shimfiɗa tabarma a na biyu, shi ya tona masa asiri. Da suka tsare shi, Malam ya ce shi bai ambaci suna ba, cewa ya yi Allah ya ba mai rabo. Tun daga ranar ya koma yi wa yaran gidan facin riguna.

Ana saura kwana uku na ce zan ga 'yan takarar da kaina. Yaya ya ce ba a yin haka. Na ce ni baƙuwa ce, ban san ba a yi ba.

Alhaji ya karɓe ni da kyau, mutum ne mai faɗi da dariya. Ya sa aka kawo shayi da dabino, ya tambayi Ƙaura, ya ce kakansa daga wajen Gummi ya taso. Da na kawo maganar Yaya ya dafa ƙirji ya ce, "Mu'azu ɗan'uwana ne. Bukra, in sha Allahu. Bari dai a gama wagga hidima." Na fito da dabino cike da gefen zane, ba takarda.

Ustaz na same shi a makaranta an tashi. Ya saurare ni har na gama, Amna na cike inda Hausa ta gagare shi. Ya ce ba zai yi min ƙarya ba, jinsiya aba ce mai tsawo, ko ya ci ko bai ci ba ba shi da ikon ba da ita. Amma akwai takardar zama, wadda mutum zai fita da ita ya komo, ana nema a Sinnar. Nan take ya ciro takarda ya rubuta roƙon. Ya ce saura shaidu biyu, sanannun mutane, da za su sa hannu cewa sun san Mu'azu shekara da shekaru. "Ni ɗaya. Amma shekarata shida kawai a nan. Wanda hannunsa zai yi nauyi shi ne Alhaji."

Na koma gidan Alhaji sau biyu da takardar, ana ce min ya fita.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a filin kasuwa, maza a gabas, mata a yamma. Wakilin jam'iyya ya zo cikin ƙaramar mota, wani Balarabe mai farin rawani da littafi a hannu. Aka zaunar da Alhaji a damansa, Ustaz a hagunsa. Komai da Larabci ake yi, ni kuwa takardar tana ɗaure a bakin zanena. Amna ta ce min a ƙarshe za a ce ko akwai mai tambaya, ta tafi tsara matanta ta bar ni. Na yi ta kasa kunne. Can na ji wakili ya yi wata magana da muryar tambaya, na ga hannaye sun tashi. Na ce to ga lokacin, na miƙa nawa sama iyakar ƙarfina.

Ashe cewa ya yi masu son Alhaji su ɗaga hannu.

Wata daga cikin matan Ustaz ta yi kururuwa, "Baƙuwa ce! Jiya-jiya taz zo!" Matan Alhaji suka ce ai hannu hannu ne. Amna ta juyo ta gan ni da hannu a sama cikin abokan hamayyarta, ta dafe kai. Hayaniya ta kai har wajen maza, wakili ya rufe littafi ya ce a kawo wannan mata.

Aka kai ni gabansa. Ban taɓa tsayawa gaban maza masu yawan haka ba, na hango Yaya yana neman inda zai ɓoye fuska. Wakili ya tambaya, Amna ta fassara: wa nake so a cikin biyun?

Na ce, "Ki gaya masa ni ba ni da ƙuri'a, ko a nan ko a garinmu. Uwa gare ni makauniya, ta aiko ni in kai mata ɗanta. Ga shi can, shekara talatin yana noma a ƙasarku. Ustaz ya rubuta masa takarda, saura hannun Alhaji, na je sau biyu ban same shi ba. Yau na gan shi zaune, shi ya sa na ɗaga hannu."

Amna ta juya shi da Larabci, kuma ina jin ta ƙara gishiri, don nata ya fi nawa tsawo. Wakili ya karɓi takardar ya karanta, ya juya ya dubi Alhaji, jama'a duka suka dubi Alhaji.

Wallahi mutumin nan gwani ne. Ya miƙe tsaye yana murmushi kamar shi ya shirya abin, ya ce, "Kwana uku nika neman wagga takarda!" Ya zare alƙalamin wakili daga hannunsa, ya sa hannu mai girma har ya ci wurin Ustaz, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce gobe da motarsa za a kai Mu'azu Sinnar, shi da kansa zai shiga ofis da shi. Mutanensa suka ɗau tafi. Mutanen Ustaz suka ce ai nasu ne ya rubuta, su ma suka ɗau tafi. Ustaz ya laluba ɗan gefe ya sa nasa hannun. Aka sake ƙirga daga farko, aka zaunar da ni a kan wani buhu can gefe, aka ce in rungume hannuwana.

Alhaji ya cika alkawari, don duk ƙauyen sun ji. Mun yi zuwa Sinnar sau uku, a na ukun takarda ta fito da hoton Yaya a jiki, ya zaro ido kamar an kama shi da akuyar wani.

Kullum ana tambayata wa ya ci. A ƙauyenmu dai an ce Ustaz ya ɗan fi, a Mai Wurno an ce Alhaji, a Suki kowa ya ce shi ne. Muna ɗaure kaya labari ya iso cewa manya sun duba sun ga abin ya yi kusa, don kada a ɓata wa kowa sun tsayar da wani lauya daga birni wanda ba a taɓa gani ba. A ranar injin niƙa ya daina kyauta. Da yamma na ga Alhaji da Ustaz a benci ɗaya suna shan shayi suna zagin lauya, Yaya kuma ya samu sukarinsa.

Amna ta raka mu tashar Sinnar da yaran. Ta riƙe ni ta ce, "Aro na ba ki, wata huɗu. In ya wuce, ni ma na san hanyar Ƙaura." Muka yi dariya, muka yi kuka, jirgi ya tashi.

Mun iso gida ranar wata Laraba da azahar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Yaya ya yi sallama, ya durƙusa gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa kansa, ta shafa goshinsa da kunnuwansa, ta bi gemun da ba ta san shi da shi ba, ta sauko kafaɗu, ta kama tsintsiyar hannunsa ta zagaye ta da yatsunta. Mutanen gida duk sun taru, ba mai motsi.

Can ta ce, "Ka rame. Ba su ba ka tuwo can?"

Ya ce, "Suna ba ni, Inna."

Ta ce, "Ƙarya kaka yi. Asabe, mi kika tsayawa kallo? Ɗora tukunya. Ki tuƙa da yawa, ni ma yunwa nika ji."

Ko mayafi ban cire ba na nufi murhu.